Garin kuzari, jel da garin farfaɗowa: jel ɗin ya yi, amma tsarin da aka rubuta a jikin robar ɓarna ne

Kaya uku ne suka zo a kwali ɗaya. Akwai robar garin da ake damawa a sha ana cikin gudu ko tuƙin keke, akwai kwalin jel, wato ruwan sukari mai ɗan kauri da ake tsotsa ana cikin tafiya, mai ƙananan ledoji, sai robar garin da suka ce na farfaɗo da jiki ne bayan atisaye. Duk mai bin masu sayar da kayan motsa jiki a Instagram ya san irinsu, ya kuma san kuɗin da ake yanka musu tun da dala ta tashi, don haka ba zan tsaya a kan farashi ba.

Jel ɗin ya ba ni mamaki, mamaki mai daɗi. Yawancin waɗanda ake kawo mana kauri gare su, sai ka tauna kafin su wuce maƙogwaro, zaƙinsu kuma ya tsaya maka a baki har ka gama. Wannan ruwa-ruwa ne, leda ɗaya giram 25 na kabohaidiret (sukari da sitacin da ke ba jiki kuzari), ana yage ta da hannu ɗaya, kuma guntun bakin ba ya cirewa ya faɗi a titi. Ko ya wuni a aljihun riga cikin rana ba ya tsinkewa ya rabu biyu. Kurɓi uku ko huɗu na ruwa a bayansa ya wadatar. Da shi kaɗai na saya, da yawanci yabo za ku karanta a nan.

Abin da ya ɓata min rai yana bayan robar garin sha, inda suka zana wani akwati suka rubuta tsarin ranar tsere. Wai a dama cokalin awo ɗaya, giram 40, cikin ruwa mililita 500, a sha gora ɗaya duk awa "ko gwargwadon ƙishirwa", sannan a ƙara jel ɗaya duk minti 30. Waɗannan kalmomi biyu, gwargwadon ƙishirwa, su ne tushen ɓarnar. Na bi tsarin yadda yake a doguwar fita da keke cikin Afrilu, lokacin da zafin Kano ke taɓa maki 40, kuma kafin a cika awa ɗaya da rabi ciki ya tsaya cak. Da farko gyatsa ce mai zaƙi. Daga nan ruwan ya daina sauka, kana jin yana kaɗawa a ciki duk sanda taya ta faɗa rami, bakinka a bushe amma ba ka iya ƙara ko kurɓi ɗaya. Sai murɗa a ƙasan cibiya, sai neman inda za ka tsuguna. Abin takaicin shi ne ƙafafu suna mutuwa a daidai lokacin da cikinka ke cike da sukari, domin sukarin yana hanji, bai isa jini ba.

Ku yi lissafin da kanku. Cokali ɗaya na ɗauke da giram 36 na kabohaidiret. Jel biyu a awa giram 50 ne. Jimla giram 86 a awa, idan gora ɗaya ka sha. To wa ke shan gora ɗaya a awa cikin zafin bazara? Mai tuƙa keke da ƙarfi a irin wannan rana kan zubar da zufa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a awa, ƙishirwa kuma za ta sa ya shanye gora biyu ba tare da ya lura ba. Giram 72 ke nan daga gora, a haɗa da 50 na jel, an kai 122. Wanda ya rubuta tsarin ya ɗaure abinci da ruwa wuri guda, yadda duk sanda ƙishirwa ta ninka, sukari ma ya ninka. A ƙasar da ake tsere cikin sanyi wannan ba zai nuna ba. A nan kuwa tarko ne.

Ba a nan ta tsaya ba. Cokalin awon ma ba ya faɗin gaskiya. Ranar da aka buɗe robar, garin na sako-sako, cokali shafe yana ba da kusan giram 40 a kan sikelin kicin. Bayan garin ya zauna ya danne, ya kuma ɗan sha iska, cokalin nan dai yana ɗebo giram 50 har da ɗoriya. Maltodekstrin, sukarin sitacin da ke cikin garin, yana jan danshi, kuma ba su sa ko 'yar ledar nan mai tsotse danshi a ciki ba. Giram 50 na garin giram 45 ne na kabohaidiret, cikin rabin lita kashi 9 cikin ɗari ke nan, alhali abin da aka daɗe da sani shi ne abin shan da ake so ya bar tumbi da sauri ya tsaya tsakanin kashi 6 zuwa 8. Ka tura jel a kansa, ka kora da wannan ruwan mai kauri maimakon ruwa zalla, abin da ke tumbinka ya wuce kashi 12. Irin wannan haɗi yana jinkirin sauka, idan ya sauka kuma yana jawo ruwa daga jini zuwa cikin hanji. Zawon daga nan yake fitowa.

Babban laifin kuwa yana cikin jerin kayan haɗi, da ƙananan haruffa. Maltodekstrin da gilukos ne kawai, a garin da kuma a jel ɗin. Babu furuktos, wato sukarin 'ya'yan itace, ko kaɗan. Hanji kamar ɗaki ne mai ƙofa biyu: gilukos da maltodekstrin ƙofa ɗaya suke bi, kuma ba ta wuce da fiye da kimanin giram 60 a awa komai yawan waɗanda suka yi layi, furuktos kuwa tasa ƙofar daban ce. Binciken da Asker Jeukendrup da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Birmingham a farkon shekarun 2000 shi ya tabbatar da wannan, daga nan ne kuma aka samo shawarar giram 90 a awa ga aikin da ya haura awa biyu da rabi, bisa sharaɗin a haɗa gilukos kashi biyu da furuktos kashi ɗaya. Yanzu ma wasu kamfanoni sun matsa zuwa 1 da 0.8. Wannan ba sabon ilimi ba ne, ya haura shekara ashirin. Kamfanin da ya buga tsarin giram 86 a awa a kan kayan da ba su da furuktos, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma so yake robar ta ƙare da wuri a koma a sayi wata. Ko wanne ne, mai saye ne ke biya da cikinsa.

Akwai kuma sinadarin maganiziyam, miligiram 120 a kowane cokali, an rubuta shi da manyan haruffa a gaban robar wai yana hana ɗaurewar tsoka. Hujjar cewa yana hana ɗaurewar tsoka ga mai gudu ba ta da ƙarfi, kuma abin da ke fita a zufa daga cikinsa ɗan kaɗan ne. Abin da aka tabbatar yana yi shi ne sakin ciki, shi ya sa ake haɗa maganin wankin ciki da shi. Gora huɗu cikin awa biyu miligiram 480 ne, alhali iyakar da hukumomin lafiya na Amurka suka sa wa maganiziyam na ƙari ita ce 350 a rana guda. An haɗa sukarin da ya fi ƙarfin hanji da abin da ke sakin ciki, an ba mutumin da zafi ya riga ya janye jini daga cikinsa zuwa fata da tsoka. Me ake tsammani?

Da na kai ƙorafi, amsar mai sayarwa ita ce jiki ne bai saba ba. A nan zan yi masa adalci, akwai gaskiya a maganar. Hanji yana koyo. Wanda ya fara da giram 30 a awa a doguwar fitarsa ta mako, yana ƙara giram 10 duk bayan mako ɗaya ko biyu, zai ga bayan wata guda zuwa biyu yana ɗaukar abin da da ba ya iyawa. Manyan 'yan tsere haka suke yi. Lokacin da ɗan tseren Kenya Eliud Kipchoge ya yi gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a Oktoban 2019, daga kan keke ake miƙa masa gora, abin da ke ciki an auna shi, an kuma gwada shi a cikinsa tun a atisaye, ga sanyin safiya. Amma sabo ba ya buɗe ƙofar furuktos ga kayan da babu furuktos a cikinsu, kuma ba ya cire maganiziyam daga gari. Ba daidai ba ne a ɗora wa mai saye laifin abin da aka buga a jikin roba.

Duk da haka, garin ba na zubarwa ba ne, kuma wannan ya ɗan sanyaya min zuciya. Idan aka yi watsi da cokalinsu da tsarinsu, yana aiki sosai. A lita ɗaya ta ruwa, wato ledar fiyo wata biyu, a auna giram 30 na garin a sikeli, a ƙara giram 30 na sukarin shayi, kusan babban cokali biyu da rabi shafe, sai gishiri giram ɗaya da rabi, rubu'in ƙaramin cokali. Sukarin shayi rabinsa gilukos ne rabinsa furuktos, don haka shi ke cike giɓin da kamfanin ya bari. Haɗin yana ba da kimanin giram 57 na kabohaidiret a lita, ƙasa kaɗan da kashi 6, maganiziyam ya sauko zuwa miligiram 90, sodiyam, sinadarin gishirin da ke fita a zufa, kuma ya hau zuwa kusan 750. A fara zuba ruwa rabin gora kafin gari, a girgiza, sannan a cika, in ba haka ba yana dunƙulewa a gindi ya toshe bakin gorar. Ɗan matsin lemun tsami yana kashe zaƙin. Mai keke da ke shan lita a awa ba ya buƙatar jel a kan wannan sai tafiyar ta haura awa biyu da rabi. Mai gudu a ƙafa, wanda da wuya ya sha fiye da rabin lita a awa, zai samu giram 28 daga gora, ya ƙara jel ɗaya ya kai 53, ya isa. A rana mai tsananin zafi a riƙe gora ta biyu ta ruwa zalla, ita ce ta ƙishirwa da korar jel, ta haɗin kuma a sha ta bisa agogo.

Maganar gishirin tana da muhimmanci, don nan ma sun yi ƙwauro. Miligiram 200 na sodiyam ne a cokali, wato 400 a lita idan an dama yadda suka ce. Zufar mutane ta bambanta ƙwarai, wani lita ɗaya tasa ba ta kai miligiram 500 ba, wani ta haura 1,500, matsakaici dai yana kusa da 900 zuwa 1,000. Wanda rigarsa ko madaurin hularsa ke yin farin zane bayan ta bushe yana cikin masu zubar da yawa. Da zarar ka tsinka garin don ka ceci cikinka, sodiyam ɗin ma ya tsinke ya koma 150 a lita a haɗin da na faɗa a sama, shi ya sa dole a ƙara gishiri. Giram ɗaya na gishirin miya yana da kusan miligiram 400 na sodiyam. Masu amfani da ledar ORS ta kemis su sani cewa an tsara ta ne don mai gudawa: sodiyam ɗinta ya haura miligiram 1,700 a lita, gilukos kuwa giram 13.5 ne kacal. Tana da amfani bayan an gama, ga wanda ya zubar da zufa sosai, amma ba za ta riƙe ƙafa a kan hanya ba.

Kuma kada tsoron zafi ya sa a yi ta ɗurar ruwa ba lissafi. A gudun fanfalaki na Boston na 2002 an gwada jinin 'yan tsere 488, aka samu kashi 13 cikin ɗari sodiyam ɗin jininsu ya yi ƙasa, babbar alamar kuma ita ce nauyinsu ya ƙaru a kan hanya saboda yawan sha. Hanyar sanin naka mai sauƙi ce. Ka hau sikeli kafin atisayen awa ɗaya, ka sake hawa bayansa ka goge jiki ka cire jiƙaƙƙun kaya. Kilon da ka rasa, a haɗa da litar da ka sha, shi ne zufarka a awa a irin wannan yanayi. Abin nema shi ne kada ka rasa fiye da kashi 2 cikin ɗari na nauyinka, kada kuma ka gama ka fi yadda ka fara nauyi. A maimaita gwajin da hunturu, don lambar Afrilu ba ita ce ta Janairu ba.

Na so in tsaya a nan in ce kayan sun yi in an gyara, amma da na juya robar garin farfaɗowa sai haushin ya dawo sabo. A gaba an rubuta furotin da haruffa manya-manya. A baya, awo ɗaya giram 60 ne, furotin a ciki giram 10, kabohaidiret 42, sauran ɗanɗano da kitse. Abin da jiki ke buƙata bayan atisaye mai nauyi shi ne kimanin giram 0.3 na furotin a kowane kilo na nauyi. Mai kilo 65 giram 20 yake nema. Dole ke nan ya sha awo biyu, robar da aka ce ta wata guda ce ta ƙare a mako biyu. Sannan furotin ɗin ma wane iri ne? A jerin kayan haɗi kolajin ne a gaba, wato furotin na fata da ƙashi, sai gilaisin, ɗaya daga cikin tubalan furotin, furotin na madara yana can ƙarshe. Kolajin yana cika lamba a takarda, amma lusin ɗinsa, wani tubalin furotin, kaɗan ne, lusin kuwa shi ke tayar da aikin gyaran tsoka, ana son giram 2 zuwa 3 a zama ɗaya. Sun rufe wannan da ƙarin BCAA, wato tubalan furotin uku da lusin ke cikinsu, da suka yi ta tallatawa, alhali wanda ya samu cikakken furotin ba shi da buƙatarsa. Abin da ya fi damuna shi ne ba a faɗi daga wace dabba aka samo kolajin ɗin ba. Ana yin sa daga fatar saniya, ko kifi, ko alade. Babu tambarin halal, babu bayani. Wanda ke sayar wa Musulmi irin wannan kaya ya kamata ya zama ya san amsar tun kafin a tambaye shi.

Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba. Rabin lita na madara ko nono mai kyau wanda ba a tsinka da ruwa ba yana ba da kusan giram 16 na furotin, ƙwai ɗaya giram 6, an wuce 20 ke nan. A dama fura a ciki, ko a ci da burodi da ayaba, kabohaidiret ya samu. Gaggawar ma ba kullum ake buƙatarta ba. Wanda zai sake atisaye cikin awa takwas, kamar 'yan ƙwallon da ke fita safe da yamma, shi ne ke buƙatar giram 1 zuwa 1.2 na kabohaidiret a kowane kilo duk awa, na tsawon awa huɗun farko. Wanda sai gobe zai sake fita, tuwonsa da shinkafarsa na yau da kullum za su mayar da gilaikojin, wato sukarin da tsoka ke ajiyewa, cikin awa 24, muddin ya ci ya ƙoshi. Ruwa kuwa a mayar da lita ɗaya da rubu'i zuwa ɗaya da rabi a kan kowane kilo da aka rasa, a hankali cikin 'yan awanni, tare da abinci mai gishiri don kada ya fita a fitsari nan take. Amfani ɗaya da na ga garin yana da shi shi ne ga wanda ya gama tsere nesa da gida, cikinsa ba ya karɓar abinci, ba kuma inda zai ajiye madara cikin sanyi.

Ko jel ɗin da na yaba yana da aibi guda da bai kamata a wuce shi ba. A kwalin akwai masu kafeyin, sinadarin shayi da kofi mai wartsakar da mutum, miligiram 75 kowace leda, kuma launinsu ɗaya da marasa shi, bambancin wani ɗan rubutu ne a gefe da ba za ka iya karantawa kana gudu ba. Kafeyin yana cikin 'yan abubuwa biyar da taron masana na Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince a 2018 cewa suna da hujjar ƙara ƙwazo a wasa, awonsa miligiram 3 zuwa 6 a kowane kilo, kuma hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙarin kuzari a wasanni, ta cire shi daga jerin haramtattu tun 2004. Amma mai shan jel duk minti 30 da ya ɗebo masu kafeyin zalla zai kai miligiram 450 cikin awa uku, a kan shayin da ya sha da safe. Bugun zuciya, rawar hannu, ƙarin murɗar ciki, da dare kuma barci ya gagara, alhali barcin ne ke gyara jiki fiye da kowane gari. A yi wa masu kafeyin alama da biro ko salatif tun a gida, a ajiye su a aljihu daban, a bar su sai kashi na ƙarshe na tafiyar.

Ga masu shiga gasa ta gaske, irin gudun fanfalaki na Legas ko tseren kilomita 10 na Okpekpe, akwai matsalar da ta fi ciwon ciki girma. Dokar WADA ba ta karɓar uzurin rashin sani, abin da aka samu a fitsarinka naka ne. Binciken da ɗakin gwaji na birnin Kolon a Jamus ya yi a kan kayan ƙarin kuzari 634 da aka saya daga ƙasashe 13 a shekarun 2000 da 2001 ya gano kusan kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da haramtattun sinadaran gina tsoka da ba a rubuta a jikinsu ba. Shi ya sa ake neman tambarin Informed Sport ko NSF Certified for Sport, masu gwada kaya don ganin ko akwai haramtattun sinadarai. Tambarin kaɗai ma bai isa ba, don ana iya buga shi a kowace takarda. A duba lambar rukunin da aka buga a gindin robar ko a murfi, a shiga shafin masu tambarin, a rubuta ta, a ga ko ta fito. A robobin nan biyu babu ko ɗaya daga cikin tamburan, babu lambar NAFDAC, lambar rukunin da ke gindin robar garin farfaɗowa kuma ta goge rabi, ba ta karantuwa. Na tura wa mai sayarwa hotonta tare da tambayar kolajin, ya karanta saƙon, har yau bai amsa ba.